Butar da Surukina Ya Zana Mini

Abin nan ya faru ne bayan zaman kullen korona, lokacin da aka sake mu muka koma zuwa biki da gaisuwar mutuwa kamar mutane, amma kafin a canja kuɗi jama'a su koma yini a ƙofar banki. In ana so in ƙara matse lokacin, to ana tsakar aikin sabuwar gadar Kawo ne, don duk wanda ya zo gaishe ni daga wajen Katabu sai ya iso da jar ƙasa a gira yana mitar hanya. A daminar shekarar ce kuma katangar maƙwabtanmu ta faɗo mana a kan bishiyar gwanda. Ni ban yi boko ba, da irin waɗannan nake riƙe shekaru, kuma ba su taɓa ɓace mini ba.

Ina zaune a Badarawa, gidan ɗana ma'aikacin gwamnati, shi da matarsa malamar makaranta. Ɗakina daban, bayina daban. Da maigidana ya rasu aka ce in dawo nan, sharaɗi ɗaya na kafa: zan ci abin da aka dafa, amma jikina ni zan riƙa yi masa hidima. Ni na yi jinyar uwar mijina har ta cika. Na san abin da idon mai jinya ke gani, na kuma san inda majinyaci ke kai nasa idon in ana ɗaga shi. Na roƙi Allah kada ya kai ni can.

Sai amosani ya sauka a hannuna na dama. Yatsu suka kumbura suka karkace, wuyan hannu ya ƙi juyawa. Na bar tuƙin tuwo ban damu ba, na bar ɗaura ɗankwali mai tsayi ban damu ba. Buta ce ta tsaya mini a wuya.

Kowa ya san butar kasuwa. Mariƙinta siriri ne, can a baya ta sama, ga wani kaifi a cikinsa inda robar ta haɗu, yana yankan yatsa. In ta cika, duk nauyin yana gaba yana jan wuyan hannu. Wajen alwala ba ta dame ni ba, ina zama a kan 'yar kujera in ajiye ta a ƙasa in karkata ta da tafin hannu. Amma a bayi ba haka ba ne. Dama ke riƙe buta, hagu ke wanki, kuma babu hannu na uku. Ɗana ya ce zai sa mini irin tiyon nan na bango, na tambaye shi yaushe rabon famfonmu da ruwa. Ƙaramar buta ta yara kuwa ruwanta ba ya isar babba.

Wata safiya ta suɓuce mini, ruwan ya tafi duka. Na daɗe a tsugune ina jin motsin matar ɗana a tsakar gida, sunanta yana bakina, na haɗiye shi. Da jan gindi na kai ga bokiti. Ban gaya wa kowa ba, amma ta ga zanena sharkaf a kan igiya, ita kuwa ba ta da wauta. Ta gaya wa 'yata da ke aure a Kinkinau, 'yata ta gaya wa mijinta.

'Yar nan ita ce ta fari, ko sunanta ba na kamawa. Mijinta kuwa tun da ya aure ta ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofa, ni ina bayan labule, mu gama lafiya lau ya tashi. Na san yana aiki a wani kamfanin roba, kuma an ce zane yake yi. Na ɗauka furannin jikin kwanon sha yake zanawa, har ina tausaya wa 'yata a raina.

Sai 'yata ta zo ta zauna ta warware mini. Ta ce duk bokiti da kofi da kular abinci da nake gani, kafin a yi shi sai wani ya zauna ya yanke tsawonsa, da kaurin robarsa, da inda mariƙi zai zauna, ya zana, ya gwada, sannan a ƙera ƙarfen da za a riƙa zuba narkakkiyar roba a ciki. Ta ce aikin mijinta ke nan, kuma yana so ya yi mini buta tawa.

Maimakon in yi murna sai raina ya ɓaci. Ni duk zamana na ɗauka buta haka take, kamar yadda duma ke fitowa da wuyansa. Ashe akwai wani ɗan'adam mai ɗaukar albashi da ya dubi mariƙin nan mai yankan yatsa ya ce ya yi. Da na san da shi, da na daɗe da samun wanda zan yi wa Allah ya isa.

Abu na farko da ya nema shi ne ya zo ya zauna ya ga yadda nake alwala. Wai a sana'arsu ba a yarda da abin da mutum ya faɗa, sai abin da aka ga hannunsa na yi. Na ce ta koma ta tambaye shi ko a garinsu suruka na naɗe hannun riga ta buɗe kai ta miƙe ƙafa a gaban mijin 'yarta. Aka yi ta kai da komo, a ƙarshe na yarda ita ta ɗauki hannuwana kaɗai a waya ta kai masa. Ta ɗauka kuwa, ina zaune a kujerata, buta a ƙasa, ina karkata ta da tafi.

Bayan 'yan makonni 'yata ta kawo butar farko. Wai akwai wani inji a wurin aikinsu da ke tofa roba zare-zare yana ɗorawa har abu ya tashi, da shi suke yin na gwaji. Gindinta faffaɗa ne mai ɗan lanƙwasa, da ka taɓa ta da ɗan yatsa sai ta sunkuya ta zuba ruwa ta koma da kanta. Wajen alwala ban taɓa ganin irinta ba. Na shiga da ita bayi, ko ɗaga ta ban iya ba, ta fi ta kasuwa nauyi. Ya gyara abin da ya gani, abin da bai gani ba yana nan.

'Yata ta tambaye ni yaya. Na ce ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Me zan ce? Suruki ya ɓata dare da rana ya aiko maka da abu, sai ka mayar masa da ƙorafi? Kuma ko na so faɗa, ta ina zan fara, da wane baki zan yi wa 'yar fari bayanin tsugunno don ta kai wa mijinta? Ta tafi da albarkata, shi kuma ya ɗauke ta a matsayin an gama.

Shi ya gano da kansa. Ya zo gaisuwa wata Asabar, yana durƙushe a inda ya saba, daga nan kuwa ana hango ƙofar bayina. Tsohuwar buta tana wurin a jiƙe, tasa tana gefen kujerar alwala. Ya gama gaisuwa ya tashi. Da daddare 'yata ta bugo waya tana ta kewaye-kewaye, wai ya ce a tambaye ni ko akwai wani wuri da butar ba ta zuwa. Na ce mata ina jin barci.

Ina da ƙawa a lokacin, Bazamfara mai fura, da ke bin layinmu tana ƙarewa a ɗakina mu sha hira. Sa'ata ce, amma Allah bai sa mata linzami a baki ba. Ita kaɗai na gaya wa, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na ja mata kunne, ta ce ta ji. Asabar ta gaba tana zaune a ƙofata ya shigo, bai gama gaisuwa ba ta tare shi.

"Kai ne mai zanen? Wanga tulu da ka yi, uwar wa za ta ɗauke shi da hannu guda tana tsugune? Ko ku 'yan boko a tsaye kuke komi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jawo mayafi na rufe fuska, alhali ina bayan labule babu mai ganina. Shi kuwa sai na ji ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ya ce ai shi ya sa ya zo, a ƙara masa karatu. Ta ce karatu ba ya yiwuwa da yunwa, ya sayi fura tukuna. Ya saya. Suka zauna a tsakar gida yana ta jero mata tambaya kamar alƙali, tana ba shi amsa tana haɗawa da zagi, ya miƙa mata buta cike ta nuna masa riƙo iri-iri, har da tsugunawa, wallahi, a gaban kowa. Ya auna tafinta da wani ɗan ƙarfe, ta ce in ya gama ya auna mata miji.

Ta biyun da ya kawo ba ta da nauyi, an rage mata ciki, mariƙin ya yi kauri ya sauko. Sai dai hannun ƙawata ya auna. Matar da ta shekara tana kirɓa gero a turmi, tafinta kamar faranti, yatsunta lafiyayyu. Nawa yatsun ko rabin mariƙin ba su zagaye ba. Ita ta ɗauka ta juya ta ce ai wannan don ita aka yi, ta sa a cikin ƙwaryarta ta tafi da ita gida. Na yi kwana biyu ban yi mata magana ba. An tona mini asiri, an kuma yi wa wata buta.

Na ce a gaya masa ya bari haka, na gode. Bai bari ba. Sai ga 'yata da curin yumɓu a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, an manna shi a jikin wata gora mai ruwa. Wai in riƙe yadda hannuna ya ga dama, in matsa, kada in gyara, a mayar masa. Ɗana da ya gani ya ce to Iya, yau kuma suruki ya aiko a ɗauki hannunki, mu dai a bar mana ke. Na ce ya fita mini daga ɗaki.

Yumɓun ya kwana ya yini ina harararsa. Ina ganin wulaƙanci ne a ce karkatattun yatsuna su tafi ofis maza su zagaye su suna kallo. Da na ga ya fara bushewa ta gefe, sai na ɗauka na shiga bayi na sa sakata. Na tsuguna yadda nake yi, na riƙe shi a inda nake riƙewa. Yatsun ba su shiga ba sam. Tafin ne ya kwanta, bayan hannu ya tokare, babban yatsa ya yi rami shi kaɗai. Na fito na naɗe na bayar, ban kalli fuskar kowa ba.

Da ya dawo bai aiko 'yata ba. Ya durƙusa a ƙofa, muka gaisa, sai na ji bai tashi ba. Ta ƙasan labule ina ganin ƙafafunsa, ya juya mini gefe, fuskarsa na kallon katanga.

"Iya, a gafarce ni, tambaya ɗaya ce. In na ɗauke mariƙin daga baya na mayar da shi gefe, ya zama kamar hannun jaka, a zura tafi duka, nauyin ya hau bayan hannu, yatsu su huta. Zai yi?"

Tun da ya shigo danginmu ban taɓa ce masa abin da ya wuce amsa gaisuwa ba. 

"A sassauta wajen babban yatsa," na ce. "Sauran ka gwada."

Ta ukun mummuna ce, launin toka, jikinta kaushi kamar harshen sa, ga kunne guda a gefe kamar an mare ta. Na zura hannu. Ta zauna. Ba na riƙe ta, ita ke riƙe da ni, in zan zuba ruwa gwiwar hannu nake ɗagawa kawai. Ranar na fito daga bayi na tsaya a tsakar gida ina gyara ɗaurin zane a hankali, don duk mai ido ya ga a bushe yake. Na aika masa da dambun nama, ban haɗa da saƙo ba, ya gane.

Ya gaya wa 'yata cewa wannan ta gwaji ce, robar injin nan ba ta da ƙarko, a kiyaye ta daga rana. Ta gaskiyar tana zuwa in kamfani ya amince, a yi ta da yawa, duk tsohuwa mai irin hannuna ta samu a kasuwa. Ni har na fara lissafa waɗanda zan saya wa.

Daga nan ne na san aikin nasa ba zane ba ne kawai, rabinsa roƙo ne. Labarin yana iso mini guntu-guntu ta bakin 'yata. Mai kula da injuna ya ce kunnen gefe ba zai fita daga ƙarfen zubi irin nasu ba, sai an ƙera sabo mai buɗewa ta wani wajen, kuma daga ƙasar waje ake yo shi da tsada. Ya koma ya sake zane yadda zai fita. Aka kira manyan 'yan sari, suka juya ta suka ce ba ta shiga igiya. Ai kun ga yadda ake zura butoci a igiya ta mariƙi a rataye su tari guda a bakin shago, to tawa in an zura ta sai ta kwanta a karkace ta ci wurin biyu, a mota ma haka. Wani ya ce mai saye zai zaci ta lalace ne a wuta. Ya sake komawa ya yi mata 'yar kafa a wuya don igiya. Sai mai kamfanin da kansa ya rufe maganar. Ya ce tsofaffi ba sa zuwa kasuwa, 'ya'yansu ke saya musu, su kuwa mai araha suke ɗauka.

Ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma na yi masa magana a raina ta fi a ƙirga. Shi ba zai tsufa ba? Uwarsa da wane hannu take riƙewa? Abin da ya fi ƙona mini rai, da na ce wa ɗana haka, sai ya sosa ƙeya ya ce gaskiya shi ma bai taɓa duba mariƙi ba in zai saya.

A cikin duk wahalar nan abu biyu suka ɗauka. Sun goge kaifin cikin mariƙin tsohuwar butarsu, sun kuma fito da ita da sabon launi. Matar ɗana ta sayo ɗaya ta nuna mini wai aikin surukina ne. Na shafa cikin mariƙin, sumul, ba ya yanka. Na ce ta kai bayin baƙi.

Bai daɗe ba ya bar kamfanin. Ya sami aiki a Legas, wai yanzu abin cikin waya yake tsarawa, inda mutum zai danna da inda ba zai danna ba. Ya kwashe 'yata da yaran suka tafi. Da ya zo sallama ya ce daga bakin ƙofa a yafe masa, abin bai kai inda ya so ba. Na ce Allah ya tsare hanya. Ina da abin faɗa fiye da haka, amma ba a faɗa wa suruki.

Na lallaɓa butar nan kamar jinjiri. Ba ta kwana a waje, ba ta ganin rana, na hana kowa taɓawa. Ta yi mini damina biyu. Sai ta fara tsattsafo a gindin kunnen, zaren robar yana rabuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗana ya kai wa masu liƙin roba da wuƙa mai zafi, suka ce wannan ba irin tasu ba ce, ba ta kama liƙi. Na ɗaure da tsumma, na ɗaure da robar taya. Injin da ya yi ta na kamfani ne, wanda ya san ta kuma yana Legas. 'Yata ta ce zai nemi inda za a sake buga wata a can, ya nema, aka aiko, ta iso a fashe cikin kaya a mota. Ya ce zai sake. Mutum ne mai iyali da sabon aiki, ni kuma ba zan buɗe baki in tuna masa ba.

Ranar wata Talata da hantsi kunnen ya rabu da jikinta ina tsugune. Ya zauna a hannuna, ita ta gangara. Bokitin yana nesa, gwiwoyina kuma ba na shekarun baya ba ne. Na jira ko ƙarfi zai zo. Sannan na kira matar ɗana.

Ta zo da butar kasuwa cike. Ba ta shigo ba. Ta tsuguna a bayan ƙofa, ta zuro hannu ɗaya ta gefe, ta kawar da kai.

"Iya, ki ce mini in zuba, ki ce mini in tsaya."

Haka muke yi har yau. Ba ta taɓa canja fuska ba, ba ta taɓa ɗaga maganar ko a gaban mijinta ba, in an yi baƙi ma sai ta ce za ta kai mini sabulu. Yarinyar kirki ce, ina sa mata albarka. Kuma duk safiya in na ga hannun nan ya zuro, sai in ƙudura in rage shan ruwa da yamma don kada in kira ta sau biyu.

Cikin mutanen wancan lokacin, ƙawata mai fura ta rasu a Katabu wajen ɗanta, azumin da ya wuce. Mai kula da injunan ma an ce ya riga mu gidan gaskiya. Surukina yana nan da ransa a Legas, furfura ta fara fito masa, in ya bugo waya 'yata ke riƙewa ya gaishe ni daga nesa. Ɗana da matarsa suna nan. Mai kamfanin na tambaya, an ce yana nan garau, ya ƙara buɗe wani reshe. Sai ni.